Yadda Ake Shirya Tafiyar Hutu da Iyali Zuwa Tsibirin Zanzibar

Magidancin da ke zaune a Ringim, Kura, Gumel ko wani ƙauye da ke kewayensu, idan Allah ya hore masa yana son iyalinsa su ga teku, Zanzibar ce ta fi masa sauƙi cikin tsibiran da ake zuwa hutu. Tana cikin ƙasar Tanzaniya, a tekun Indiya. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, masallaci ba ya wahalar samu, naman kasuwa yankan Musulmi ne, mace mai hijabi kuma ba baƙuwar ido ba ce. Wahalar tafiyar duk tana nan gida, wajen takardu, kuma abin da ya fi jawo asara shi ne biyan kuɗin jirgi tun biza ba ta fito ba. Don haka ka bi matakan nan a jere, kada ka tsallake ɗaya don ɗoki. Ka ba kanka wata biyar zuwa shida.

Abubuwan da za a tanada

Fasfo na kowane mutum, har jariri, wanda ya rage masa aƙalla wata 6 daga ranar shiga ƙasar.
Lambar NIN ta kowa, da takardar haihuwar yara daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.
Katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad.
Bizar Tanzaniya da takardar inshorar Zanzibar, a buga su a takarda.
Tikitin zuwa da dawowa, da shaidar kama masauki.
Dala a hannu, da katin banki da aka tabbatar yana aiki a waje.
Waya mai intanet da adireshin imel ɗaya da kake iya buɗewa da kanka.
Jaka ƙarama mai zif wadda duk takardu za su zauna a ciki, a hannun mutum ɗaya.

1. A tsayar da masu tafiya

Kafin komai ka rubuta sunayen waɗanda za su je, domin kowane kai kuɗi ne a wuri biyar: fasfo, biza, inshora, tikiti da gado. Yaron da bai kai shekara 2 ba ana riƙe shi a cinya, kuɗinsa kaɗan ne. Daga 2 zuwa 11 yana da kujerarsa da ɗan rangwame. Ɗan shekara 12 kuwa kuɗin babba zai biya, ko da bai fi tsawon turmi ba.

Mai mata fiye da ɗaya ya warware maganar tun wuri, a fili. Idan ba za a iya tafiya da kowa ba, ƙuri'a sunna ce, kuma tana rufe bakin gulma. Mai juna biyu ta fara ganin likita, saboda allurar shawara da kuma ƙa'idar jirgi, wanda kan nemi takardar likita idan ciki ya tsufa. Yaron da za a tafi da shi ba tare da mahaifiyarsa ko mahaifinsa ba, kamar ɗan riƙo ko ɗan ƙaninka, sai da takardar amincewar iyayensa da sa hannunsu.

2. A zaɓi lokaci

Kalanda uku za ka ɗora kan juna: ta gona, ta makaranta, da ta ruwan sama a can. Daminarsu ba ta zo daidai da tamu ba. Babbar damina, wadda suke kira masika, tana sauka daga Maris zuwa Mayu. Akwai ƙarama wajen Nuwamba zuwa Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba rani ne mai sanyi-sanyi da iska, Janairu da Fabrairu kuma rani ne mai zafi da gumi.

Dogon hutun makaranta na Agusta ya dace da mafi daɗin yanayinsu, amma lokacin Turawa ma suke cika tsibirin, farashi ya hau, kai kuma gero na kan fitar da kai, ga taki, ga maimai. Idan kana da ƙane ko babban ɗa da za ka bar wa gona da zuciya ɗaya, Agusta ya yi. Idan babu, ka duba tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu: an gama girbi, an sayar da riɗi da wake, kuɗi na hannu, cunkoson Kirsimeti ya wuce. Aibinsa yara suna makaranta, mai noman rani a Kadawa ko fadamar Haɗeja kuma ba zai so barin ban ruwa ba. Hutun Afrilu shi ya fi arha, amma za ku iya shafe kwana uku a ɗaki ana tsuga ruwa. Ban ba da shawararsa ga mai zuwan farko ba. Ka kuma duba kada tafiyar ta faɗa cikin azumi, don yara ba za su more ba, gidajen abinci da yawa na cikin gari a rufe suke da rana.

Kwana 6 ko 7 sun isa. Ƙasa da haka, gajiyar hanya za ta cinye hutun.

3. Fasfo

A nan yawancin mutanen karkara ke maƙalewa, kuma dalilin kusan ɗaya ne: suna ko ranar haihuwa sun saɓa. A NIN an rubuta Hauwa'u, a takardar haihuwa Hauwa. Maigida Muhammad a nan, Mohammed a can. An ba uwargida ranar 1 ga Janairu a wata takarda, wata takardar kuma ta ce Yuni. Ka baje takardun kowa a kan tabarma, ka bi su harafi bayan harafi. Abin da ya saɓa a gyara shi a ofishin NIN tukuna, domin abin da ke NIN shi zai hau fasfo, gyaran kuma yakan ɗauki makonni.

Ana cika fom a shafin Hukumar Shige da Fice, a biya a shafin, a zaɓi ranar ɗaukar hoto da zanen yatsa. Akwai ofis a Farm Centre cikin Kano, akwai a Dutse. Daga Satumbar 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma 200,000. Yara mai shafi 32 ya ishe su. Idan ba ka iya cika fom da kanka ba, ka je shagon kwamfuta ka zauna kusa da mai bugawa, ka karanta kafin ya tura, kuma imel ɗinka da lambar wayarka za a sa, kada ya sa nasa. Kowa sai ya je da ƙafarsa ranar hoto, har na goye.

4. Allurar shawara

Tanzaniya tana neman katin daga duk wanda ya fito daga Nijeriya. Ana biya ta intanet, a je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, a yi allurar a karɓi katin. Sai ta kwana 10 a jiki kafin a amince da ita, amma sau ɗaya ake yi a rayuwa. Wanda ya taɓa yi don aikin Hajji ko Umara ya nemo katinsa ya kai a duba. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata 9 ba.

Za ka haɗu da masu cewa su kawo maka kati ba sai an yi allura ba. Kada ka yarda. Katin yanzu ana duba shi a na'ura, kuma lafiyar 'ya'yanka ake magana.

5. Biza, kafin ka biya kuɗin komai

Ka karanta wannan sau biyu. Za ka ji ana cewa bizar Tanzaniya a filin jirgi ake bugawa. Haka ne ga wasu ƙasashe, amma mai fasfon Nijeriya yana cikin rukunin da suke kira Referral, wato sai an nema tun daga gida an bincika an amince. Haka ma mai fasfon Nijar, idan a cikin iyalin akwai. Wanda ya je filin jirgi ba ita, tun daga Kano ba za a bar shi ya hau ba.

Ana nema a shafin hukumar shige da ficen Tanzaniya, kowane mutum da fom ɗinsa, dala 50. Iyali mai mutum shida dala 300 ke nan. Za a ɗora hoton shafin fasfo, hoton fuska, da bayanin inda za a sauka da ranar dawowa. Ka nema aƙalla wata 2 kafin tafiya, wata 3 ya fi kwanciyar hankali. Inda aka nemi shaidar jirgi da masauki, ka sa ejan mai sayar da tikitin jirgi ya riƙe maka kujera ya ba ka takardar riƙo ba tare da an yanki tikiti ba, otal kuma ka kama irin wanda ake sokewa kyauta. Ka lura da adireshin shafin, na gwamnati yana ƙarewa da go.tz. Akwai shafuka masu kama da shi da ke karɓar ninkin kuɗin.

Wani lokaci bizar wasu ta fito, ta mutum ɗaya ta tsaya. Kada ka yanki tikitin kowa sai ta kowa ta fito.

6. Lissafin kuɗi da canji

Tikiti shi ne babban kaso, masauki na biye, sai abinci da mota. Ka tambayi ejan biyu ko uku farashi, ka haɗa jimilla, ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai saboda dala ba ta zama wuri ɗaya. Idan da adashe ko kiwo za ka tara, ka sa ɗaukarka ko sayar da sa ya faɗo wata uku kafin tafiya. Kuɗin taki da na makarantar yara ba sa shiga wannan lissafi, tafiyar da aka yi da bashi kuma daɗinta ba ya kaiwa gida.

Naira ba ta da amfani a can. Ka riƙe dala, ko daga banki ko daga 'yan canjin Wapa, ka dage sai sababbin bugu, masu tsabta, marasa yagewa ko rubutun biro. Tsofaffin bugu ana ƙin karɓarsu, 'yar 100 da 'yar 50 kuma sun fi ƙananan daraja wajen canji. Da kun sauka ka canja wani kaso zuwa shilin na Tanzaniya a shagon canji mai lasisi, ka karɓi rasit, da shilin za ka riƙa sayayya. Ka raba kuɗin gida biyu, wani a jikinka wani a jikin uwargida. Abin da ya haura dala 10,000 dole a bayyana shi ga kwastan kafin fita.

7. Tikitin jirgi

Hanya mafi sauƙi daga Kano ita ce jirgin Ethiopian Airlines, a sauka Addis Ababa a canja zuwa Zanzibar, filin jirgin Abeid Amani Karume. Ka yanki tikiti ɗaya tun daga Kano har can, don kaya su wuce da kansu, kuma idan jirgin farko ya makara kamfanin ne zai san yadda zai yi da ku. Ka duba tsawon jiran Addis Ababa. Ƙasa da awa biyu da yara da tsohuwa gudu ne, idan kuma kwana ya kama, ka tambaya tun a Kano ko kamfanin zai ba da masauki.

Idan kujera ta ƙare ko ta yi tsada, a duba tashi daga Abuja ko Legas, ko a sauka Dar es Salaam a shiga jirgin ruwa, tafiyar kamar awa biyu. Yara suna son wannan, amma teku kan sa jiri da amai, a ba su abinci kaɗan kafin shiga. Kafin ejan ya yanka, ya turo maka sunayen ka gwada da fasfo. Harafi ɗaya kan jawo tara.

8. Masauki

A nan ya kamata ka daɗe kana tunani, don gefen tsibirin da ka zaɓa shi ne hutun. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a cikin awa 24. A gabas, wato Paje, Jambiani da Matemwe, idan ya janye sai ya yi nisa ƙwarai, ya bar fili mai ciyawar ruwa da duwatsu, mata suna noman ciyawar teku a ciki. Abin kallo ne, wurin kuma shiru, amma awanni za a yi ba wanka. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwa ba ya nisa, ana shiga kowane lokaci, yashi fari kamar garin shinkafa. Sai dai nan ne cunkoso, da kiɗan dare, da baƙi masu shigar da ba ka saba gani ba. Mai ƙananan yara da ke son natsuwa ya zaɓi Jambiani ko Matemwe. Mai samari da ke son ruwa ya nufi arewa, ya nemi otal da ke gefe da wuraren kiɗa. Ko ina ka zaɓa, ka yi wa iyali bayani tun a gida cewa za su ga mutane da kayan wanka a bakin ruwa, don kada abin ya zo musu ba zato.

Farashin otal iri uku ne: ɗaki da karin kumallo, ko da ƙarin abincin dare, ko kuma wanda komai na ciki. Na ƙarshen an lissafa giya a kuɗinsa, kai da ba ka sha kana biya wa wasu ne. Na tsakiya ya fi dacewa da mu. Ɗaki ɗaya ba ya wuce manya biyu da yaro ɗaya ko biyu, kuma suna ƙirgawa, kada ka rubuta mutum huɗu ku iso ku bakwai. Iyalin da ya kai mutum shida gara ya kama gida sukutum mai kicin da katanga. Sau da yawa ya fi ɗaki uku arha, mata su sake, a sayo kifi da shinkafa a girka yadda aka saba.

Ka rubuta musu ka tambaya, su amsa a rubuce: akwai gidan sauro da na'urar sanyaya ɗaki? Akwai janareta? Ana girka naman alade a kicin ɗin? Mace za ta iya shiga wurin wanka da sutura mai rufe jiki? Harajin da ake karɓa kan kowane mutum kowane dare yana cikin farashin ko daban? Nawa ne motar ɗauko mu daga filin jirgi? Zuwa Nungwi tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, ka shirya motar tun kafin ku tashi.

Ka ware kwana ɗaya ko biyu a tsohon gari, Stone Town, a farko ko a ƙarshe.

9. Inshora

Tun 1 ga Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar hukumar inshora ta Zanzibar, dala 44 ga babba, ko da yana da wata. Ana saya ta intanet, a ba ka takarda mai lambar da ake haskawa. Ka saya mako guda kafin tafiya ka buga ta kowa.

10. Haɗa kaya

Kada a sa leda. Tanzaniya ta hana shiga da ledar zuba kaya tun 2019, mu kuma komai a baƙar leda muke ƙullewa. Yaji, garin kunu, kuka da man shanu a zuba a robobi masu murfi, a naɗe da tsumma, a sa a babbar jaka. Kilishi da dambun nama ana iya ƙwacewa, a bar su. Humra da turare su ma babbar jaka, don ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Batirin cajin waya kuwa a hannu ake riƙe shi. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku.

Tufafi marasa nauyi na auduga, hijabi mai sauƙin bushewa, hula ga yara, da takalmin roba mai rufe tafin ƙafa ga kowa. Magani: na zazzaɓi, gishirin gudawa, man sauro, man kare fata daga rana, da maganin hawan jini ko na suga na mai sha, a kwalinsa, wanda zai wuce kwanakin tafiya. A auna jakunkuna da sikelin mai sayen hatsi, a gwada da nauyin da aka rubuta a tikiti. A ɗauki hoton kowace takarda a waya, a bar kwafi wajen wani a gida. Ku kwana a Kano daren tafiya, ku isa filin jirgi awa uku kafin tashi.

11. Zaman can

Agogonsu yana gaban namu da awa 2. Bayan haka suna da ƙirgen lokaci na Suwahili da ke farawa daga fitowar rana: saa moja ƙarfe 7 ne, saa mbili ƙarfe 8. Idan direba ya faɗi lokaci, ka sa ya nuna maka a agogon waya, in ba haka ba za ku saɓa da awa shida. Alƙibla a can arewa take, kada ka kalli gabas yadda ka saba. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku zai cika salla. Motoci ta hagu suke bi, ka riƙe hannun yara wajen tsallaka titi. Ruwan gora za a sha.

Sai teku. Yaron da ya iya iyo a kududdufi ko a kanal ɗin ban ruwa zai ɗauka ya san ruwa. Teku yana ja ta ƙasa, kuma idan ya tashi dawowa bayan janyewa yana saurin da zai rutsa wanda ya yi nisa yana tsintar kwanso. Kowace safiya ka tambayi ma'aikatan masauki lokacin cika da janyewa. Babba ɗaya ya tsaya kan yara, idonsa a kansu, wayarsa a aljihu, idan zai tashi ya damƙa wa wani da baki. Kada a shiga kwalekwale sai kowa ya sa rigar hana nitsewa, ka ƙirga rigunan tun kuna kan yashi, a tabbatar akwai daidai jikin yara. Akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya a cikin duwatsu, ƙayarta na karyewa a ƙafa, dalilin takalmin roba ke nan. Daga ƙarfe 11 zuwa la'asar a zauna a inuwa, ranar bakin teku tana ƙona har baƙar fata.

Yawo uku sun isa mako guda. Gonar kayan ƙamshi ita manomi zai fi jin daɗi: zai ga kanumfari a bishiyarsa, masoro yana hawa itace kamar wake, a kankare ɓawon kirfa a miƙa masa ya shinshina. Dajin Jozani akwai jajayen birai da ba a samunsu sai a wannan tsibiri. Tsibirin Changuu kuma manyan kunkuru, wasu sun haura shekara ɗari. A tsohon gari a ga ƙofofin katako masu sassaƙa, da wurin da kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, da daddare a je dandalin Forodhani na bakin teku a ci gasasshen kifi, a zaɓi wanda aka gasa a gabanka. Masu tallan yawo za su yi ta binka a bakin ruwa. Ka gama ciniki kafin a tashi, ka tabbatar kuɗin na mutum ɗaya ne ko na duka, kada ka biya gaba ɗaya sai an dawo. Bei gani shi ne nawa ne, asante na gode. Za ka ji kalmomi irin su habari da Alhamisi, ka gane su ba tafinta.

12. Dawowa

Tsaraba a kasuwar Darajani: kanumfari, kirfa, da zanen kanga na mata. A bar mata wuri a jaka tun daga gida, don kuɗin ƙarin nauyi a filin jirgi kan fi kuɗin tsarabar. Shilin da ya rage a mayar da shi dala kafin a shiga jirgi, da wuya ka samu mai karɓarsa a Wapa. Otal yakan so a fita daga ɗaki da hantsi, idan jirginku na dare ne ka roƙi su ajiye muku kaya, ka tambayi kuɗin ƙarin rabin yini a ɗaki ɗaya don yara su kwanta. Wanda zazzaɓi ya kama cikin makonnin farko bayan an dawo a kai shi asibiti a yi gwaji, a gaya wa likita inda aka je da ranar da aka dawo.